Joseph Conrad: Duhun da Ya Gani da Mutanen da Bai Gani Ba

Cikin watan Fabrairu na 1899, wata tsohuwar mujalla ta birnin Edinbara mai suna Blackwood's ta cika fitowa ta dubu. A wannan fitowa ce ta soma buga wani labari da ta raba kashi uku, Fabrairu da Maris da Afrilu, na wani tsohon matuƙin jirgin ruwa da bai daɗe da komawa sana'ar alƙalami ba. Sunansa Joseph Conrad, labarin kuwa shi ne Heart of Darkness, wanda masu karatu da Faransanci suka sani da Au cœur des ténèbres. In da za a mai da sunan Hausa, sai a ce Tsakiyar Duhu. To, mai karatu ya riƙe waɗannan watanni uku a ransa, domin a cikinsu ne rundunar kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine take kutsowa daga bakin kogin Isa zuwa gabas, tana cin gari tana ƙone gari. Sa'ad da kashi na uku ya fito, suna Lugu suna gwabzawa da Sarauniya Mangu. Cikin watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni.

An sha cewa Kurtz, mugun Baturen da ke cikin littafin, Voulet ne aka sake wa suna. Wannan kuskure ne, kuma ya kamata malamai su daina maimaita shi. Conrad ya soma rubutun cikin Disamba na 1898, ya gama a farkon Fabrairu, alhali labarin abin da Voulet ya aikata bai game jaridun Paris ba sai da damina, bayan an kashe kanar Klobb a Dankori ran 14 ga Yuli. Gaskiyar maganar ta fi wannan zato ban tsoro: mutum yana zaune a ƙauyen Ingila ya siffanta irin Baturen da mulkin mallaka kan haifa, ga shi kuma a daidai lokacin wani mai irin siffar yana tafe a ƙasar Hausa da bindigogi. Wannan shi ya sa littafin ya shafe mu, ko da yake Kwango yake magana, kuma can ya kamata a fara nemansa.

Marubucin ba Ba'ingilishe ba ne ta wajen haihuwa. An haife shi ran 3 ga Disamba 1857 a Berdichev, cikin Yukren ta yau, iyayensa mutanen Polan ne, sunansa na yanka Józef Teodor Konrad Korzeniowski. A lokacin babu ƙasar Polan a taswira, Rasha da Furusiya da Ostiriya sun yayyage ta sun raba. Ubansa Apollo mawaƙi ne, mai fassara Shakespeare da Victor Hugo, kuma ɗan gwagwarmayar ƙwatar ƴanci. Rashawa suka kama shi a 1861, suka kore shi zuwa Vologda, can arewa mai tsananin sanyi, da shi da matarsa da yaron da bai cika shekara biyar ba. Tarin fuka ya kashe uwar a 1865, ya kashe uban a 1869. Kawunsa Tadeusz Bobrowski ne ya riƙe marayan. Saboda haka Conrad ya san mulkin baƙo tun yana goye, ya san yadda daula kan shiga gidan mutum ta fito da gawa. Wanda duk ya manta wannan ba zai gane inda zafin littafin ya fito ba.

Yana ɗan shekara 16, a 1874, ya tafi Marsai ya shiga aikin jiragen ruwa na Faransa. Bashi ya yi masa kanta a can, har a 1878 ya harbi kansa a ƙirji, kwana bai ƙare ba. A shekarar ce ya fara taka ƙasar Ingila, ba ya jin harshen sai kalmomi ƴan kaɗan. Cikin shekara takwas ya zama ɗan ƙasa, ya kuma sami takardar shaidar kyaftin, a 1886. Ingilishi ke nan harshensa na uku, bayan na Polan da Faransanci, kuma har ya mutu in ya buɗe baki an san baƙo ne. Malamansa na rubutu ma Faransawa ne, Flaubert da Maupassant. Daga gare su ya koyi auna kalma da tsayar da ido kan ɗan ƙaramin abu har ya faɗi babban al'amari. Mu da muke karatu da harshen da ba a yi mana tatsuniya da shi ba, mun san wahalar wannan aiki, mun kuma san irin baƙon daɗin da jimla kan yi in mai ita yana tunani da wani harshe a ƙarƙashinta.

A 1890 ya nemi aiki wurin wani kamfanin Beljiyam mai fatauci a Kwango. Ƙasar a lokacin gonar mutum ɗaya ce, sarki Leopold na biyu, wanda ya mallake ta tun 1885, bayan taron Barlin, da sunan yaƙi da cinikin bayi da wayar da kan baƙar fata. Conrad ya sauka Matadi cikin Yuni, ya haɗu da Roger Casement, ya taka da ƙafa fiye da wata guda zuwa Kinshasa tare da ƴan dako, yana rubuta abin da ya gani cikin ɗan littafin aljihu: gawa a gefen hanya, ƙasusuwan mutum ɗaure jikin turke. Daga nan ya hau jirgi mai suna Roi des Belges har Kisangani ta yau. A hanyar dawowa wani wakilin kamfanin, Klein, ya mutu cikin jirgin. Shi kansa Conrad atuni da zazzaɓi suka kusa gamawa da shi, ya koma Turai a farkon 1891 da jikin da bai sake warwarewa ba. Wata shida kaɗai ya yi a Kwango, ya yi shekara takwas yana juya su a rai kafin ya zauna rubutu.

Ginin littafin irin na hirar dare ne. Mutum biyar suna zaune cikin ɗan jirgi a kogin Tems suna jiran ruwa ya juya, rana na faɗuwa, sai ɗayansu, Marlow, ya soma magana. Bai fara da Afirka ba. Ya fara da tuna musu cewa nan ɗin da suke zaune ma daji ne a da, sa'ad da Rumawa suka zo suka tarar da kakannin Ingilishi cikin fadama. Sa'annan ya ba da labarin yadda ya tafi ɗauko wani wakilin kamfani, Kurtz, wanda ya fi kowa aiko da hauren giwa, aka kuma ce ba shi da lafiya a can ƙuryar kogi.

A ganina shafuffukan da suka fi ƙarfi duk suna kafin a isa wurin Kurtz. Akwai jirgin yaƙin Faransa da Marlow ya gani tsaye bakin teku yana ta ɓarin wuta cikin kurmi, ba gari, ba ko bukka, mutanen cikinsa kuma zazzaɓi na ɗauke su kullum. Akwai mutum shida ɗaure da sarƙa a wuya suna hawan tudu da kwandunan ƙasa a ka, an ce masu laifi ne, laifin da dokar da ta ƙetaro teku ta ƙaga musu. Akwai inuwar itatuwa inda Marlow ya shiga don ya huta, ya iske ashe nan ne ma'aikatan da aka gama tatsa suke rarrafowa su mutu. Ya miƙa wa wani saurayi biskit, yaron ya riƙe, ko ɗaga ido bai yi ba. Taku kaɗan daga nan sai ga akawun kamfani, kwalarsa ta sha sitati, gashinsa ya sha mai, littattafan lissafinsa tsaf, abin da kawai ke damunsa shi ne nishin wani majinyaci da aka kwantar a ofishinsa yana ɓata masa ƙidaya. Conrad bai tsaya yin wa'azi a nan ba. Ya ajiye inuwar da akawun kusa da juna, ya wuce. Duk wanda ya taɓa jin labarin aikin tilas daga bakin kakansa ya san wannan akawu.

Yana da wata dabara da masu koyar da rubutu za su so. Yakan ba ka abin da ido ya gani tun hankali bai fassara shi ba. Lokacin da aka kai wa jirgin hari, abin da Marlow ya fara gani ƴan ƙananan sanduna ne suna shawagi ta gaban hancinsa. Sai can ya farga kibau ne. Mai karatu yakan ruɗe tare da shi, ya farga tare da shi. Amma yana da aibi, wanda F. R. Leavis ya nuna tun 1948: in ya zo maganar daji da kogi, sai ya dinga jibga siffofi, abu mara misaltuwa, mara ganuwa, mara faɗuwa, har hayaƙi ya fi wuta yawa. Leavis ya ɗauki wannan a matsayin rauni na salo kawai. Wani ne daban ya gano cewa hayaƙin akwai abin da yake rufewa.

Ran 18 ga Fabrairu 1975 Chinua Achebe ya yi lacca a jami'ar Massachusetts ta Amurka, aka buga ta a 1977. A gaban malaman da suka yi shekaru suna koyar da littafin a matsayin gwanin gwanaye, ya ce Conrad mai wariyar launin fata ne har ɓargo. Hujjojinsa daga cikin littafin ya zaro su. Baƙaƙen fata a ciki ba su da suna. Ba su da harshe sai gurnani da ihu, in ban da wuri biyu da aka sa musu gurguwar Ingilishi a baki: shugaban ma'aikatan jirgi yana neman a ba su mutum su ci, da yaron gida mai kawo labarin mutuwar Kurtz. Matar Kwango da ke tare da Kurtz an siffanta adonta da tafiyarta, ba a ji kalma guda daga gare ta ba, alhali budurwarsa ta Turai an ba ta shafuffuka tana magana. Nahiya guda, in ji Achebe, an mai da ita labule don a nuna yadda hankalin Bature ɗaya ya goce.

Masu kāre Conrad sun amsa cewa Marlow ne ke magana, ba marubucin ba, kuma zamaninsa ke nan. Amsa ta farko ba ta gamsar da ni, domin babu wata murya cikin littafin da ta gyara wa Marlow gani. Ta biyu ma ba ta cika ba. A 1890 ɗin nan da Conrad yake Kwango, wani baƙar fatar Amurka, George Washington Williams, ya bi kogin, ya rubuta wa Leopold buɗaɗɗiyar wasiƙa yana lissafa masa laifuffukansa a kan mutane masu sarakuna da garuruwa da haƙƙi. Casement ma, a rahotonsa na 1904, ya zauna da mutanen ƙauyuka ya rubuta shaidarsu daga bakinsu. Ashe a zamanin ana iya tambayar ɗan Kwango me ya same shi. Conrad bai tambaya ba. Ya ji tausayinsu ƙwarai, irin tausayin da ake ji wa jakin da aka yi wa lodi ya wuce kima. Har wurin da ake yawan kawowa don a wanke shi, inda Marlow ke mamakin yadda ma'aikatan jirgi talatin masu fama da yunwa, waɗanda ake biya da guntayen wayar tagulla, suka kame kansu ba su taɓa Turawa biyar ba, mamaki ne na wanda bai zaci samun kamun kai a wurinsu ba. Achebe yana da gaskiya, kuma duk malamin da ya koyar da littafin ya ɓoye wannan ya ci amanar ɗalibansa.

Inda na rabu da shi shi ne cewa littafin bai cancanci matsayinsa ba. Dalilina daga tarihin ƙasar nan na samo shi.

A duba abin da ya faru bayan Marlow ya isa. Ya ɗaga madubin hangen nesa ya ga abin da ya zaci ado ne a kan turakun gidan Kurtz, ashe kawunan mutane ne. Manajan kamfani ya ga wannan duka. Me ya ce? Abin da ya dame shi shi ne dabarar Kurtz ba ta dace ba, lokaci bai yi ba, an ɓata musu kasuwar yankin na ɗan wani lokaci. Hauren giwar kuwa, wanda aka tara da waɗannan kawuna, an loda shi cikin jirgi har ya cika ya batse. Kurtz ya taɓa rubuta wa wata ƙungiyar Turai rahoto mai daɗin lafazi kan yadda za a wayar da kan mutanen, daga baya ya ƙara layi guda a ƙarshe da hannu mai rawa, yana cewa a hallaka su baki ɗaya. Da Marlow ya koma Turai, sai ya yage wannan layi kafin ya miƙa rahoton. Da ya je wurin budurwar ta tambaye shi kalmar ƙarshe da mamacin ya furta, sai ya ce mata sunanta ne. Ƙarya ya yi, ya kuma san ƙarya ce.

Yanzu a ajiye wannan kusa da namu. Sojojin Voulet da Chanoine da kansu suka harbe su a wajen Maijirgi, ran 16 da 17 ga Yuli 1899. Rundunar ba ta juya ba. Ta ci gaba, ta yi yaƙin Tirmini, ta shiga Damagaram a ƙarshen watan, aka kashe sarki Amadu Kuren Daga bayan ƴan makonni. Joalland da Meynier suka kai ragowarta tafkin Chadi, har Kusuri inda aka kashe Rabeh a 1900. Abin da ya tayar da hankalin Paris harbin kanar ne, ba rijiyoyin da aka cika da gawa ba. Da ɗan majalisa Vigné d'Octon ya nemi majalisa ta yi bincike a 1900, gwamnati ta ƙi. Binciken ma'aikatar mulkin mallaka aka rufe shi a 1902 da cewa zafin rana ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, ciwon da suka laƙaba wa suna soudanite. An zubar da mutanen biyu, an riƙe ƙasar da suka ci. Wato an loda hauren, an yage layin ƙarshe, an gaya wa budurwa sunanta. Ban san wani rahoto na hukuma da ya bayyana yadda wannan inji yake juyawa kamar yadda ɗan littafin nan ya yi ba, shi da aka rubuta tun abin bai faru ba.

Sai dai a nan ma akwai tarko, kuma Conrad ne ya ɗana shi da hayaƙin nan nasa. Saboda yawan cewa daji ya yi wa Kurtz raɗa, daji ya shiga jininsa, mai karatu mara lura zai rufe littafin yana zaton Afirka ce ta haukata mutumin kirki. Wannan ita ce soudanite ɗin, an sa mata rigar adabi. Fim ɗin Coppola na 1979, da ya kwashe labarin ya kai Biyetnam, ya ƙara wa wannan karatu ƙarfi, ya mai da Kurtz wani gagarau mai kwarjini. Alhali littafin da kansa ya faɗa ƙarara cewa Turai duka ta haɗu wajen ƙera Kurtz, uwarsa rabin Ba'ingilishiya, ubansa rabin Bafaranshe. Muryoyin nan biyu suna kokawa a cikinsa daga farko har ƙarshe, ban kuma tabbata Conrad ya san wadda ya fi yarda da ita ba. Edward Said, a 1993, ya ce mutumin ya ga ɓarnar daula sarai, amma ya kasa hango ranar da waɗanda aka mallaka za su mallaki kansu. Haka ya kasance har a aikace. Da Casement ya nemi taimakonsa a 1903, ya rubuta masa wasiƙa mai zafi a kan Leopold, amma bai shiga ƙungiyar da Morel ya kafa a 1904 ba. Ya koma ga Nostromo da sauran littattafansa, bai sake kafa wani labari a Afirka ba har ya rasu ran 3 ga Agusta 1924.

Abin lura shi ne yawan marubutan da wannan ɗan littafi ya tsokano. André Gide ya sadaukar masa da Voyage au Congo a 1927, littafin da ya tona asirin kamfanonin Faransa a can. Things Fall Apart na Achebe, tun 1958, ya cika littafi guda da rayuwar mutumin da jami'in Bature yake ganin sakin layi ɗaya ya ishe shi. Tayeb Salih na Sudan, a 1966, ya juya tafiyar, ya tura nasa baƙon daga kogin Nilu zuwa Landan. Ngugi wa Thiong'o ya ari ƙashin bayan Under Western Eyes ya gina A Grain of Wheat a kai. Sven Lindqvist na Suwidin ya ɗauko layin nan da Marlow ya yage ya sa wa littafinsa na 1992 suna, ya bi sawunsa ta Sahara har Damagaram. A 2020 Rob Lemkin ya fitar da fim ɗin African Apocalypse, inda Femi Nylander ya bi hanyar Voulet da littafin Conrad a hannu. Abin da ya fi komai nauyi a fim ɗin ba littafin ba ne, tsofaffin garuruwan ne da ke faɗar abin da iyayensu suka gaya musu, da Hausa.

Ga malamai, shawarata kada a ba yara Conrad shi kaɗai, kada kuma a hana su shi. A fara da Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, ko fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi a 1986, don su shiga da sanin cewa a ɗaya gaɓar kogin akwai gari, akwai fada, akwai masu shawara. Sa'annan a karanta shafin inuwa da na akawu a hankali, da babbar murya. A tsaya kuma kan matuƙin jirgin Marlow, wanda mashi ya soke ya faɗi a ƙafafunsa har jini ya cika masa takalmi. Shi kaɗai ne baƙar fatar da Marlow ya ce ya yi kewarsa, har yana shakkar ko ran Kurtz ya kai a musanya shi da nasa. Wata da watanni suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Ya ja gawar ya tura cikin kogi, ya jefar da takalman, bai taɓa gaya wa masu sauraronsa sunan mutumin ba.